Ƙarar da ba ta tsayawa a kunne: ciwo ne ko kuwa?

Mai Injin Casa, Argungu:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina sana'ar casar shinkafa, kuma tun bayan damina nake jin wata siririyar ƙara a kunnuwana biyu, kamar kukan gyare, wadda babu mai jin ta sai ni. Da rana rugugin inji yana danne ta, amma da dare idan gari ya yi tsit sai ta hana ni barci. Wasu sun ce ana ambatona ne, wasu sun ce iska ce. Shin akwai wanda ya san asalin abin?

Ma'aikaciyar Jinya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Malam. Likitoci suna kiran wannan tinitus, kuma ya yawaita fiye da yadda ake zato, domin kusan mutum 1 cikin manya 7 a duniya yana jin sa, ko da yake kaɗan ne yake tsananta musu. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan gasu masu karɓar sauti, waɗanda ƙara mai ƙarfi ke lalatawa a hankali, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa ƙirƙiro sautin da ya daina isowa gare ta. A wurin aiki, ƙara mai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 8 shi ne iyakar da masana suka gindaya. Idan sai ka ɗaga murya kafin yaron da ke miƙo maka buhu ya ji ka, to ƙarar ta yi yawa, kuma auduga ba ta wadatar. Ka nemi robar toshe kunne.

Wani Mai Kemis, Gusau:
Ina ƙarawa da cewa magunguna ma suna jawo shi, musamman kwinin, allurar jentamaisin da asfirin idan an sha da yawa, haka nan dauɗar kunne da tsufa. Ɗan'uwa, kada ka zuba manja ko ka sa tsinken ashana, abin da mutanenmu suka fi gaggawar yi.

Ma'aikaciyar Jinya, Birnin Kebbi:
Haka ne. Ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a gwada jinka, a kuma auna hawan jini. Wanda ƙarar take a kunne ɗaya kawai, ko take bugawa tare da zuciya, ko ta zo da jiri, kada ya jinkirta. Da dare kuwa, ka kunna fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa a ɗaki, yana sauƙaƙa barci.

Mai Injin Casa, Argungu:
Na gode, Malama. Robar nan zan saya har da ta yaran da ke aiki tare da ni.