Saitama birni ne, ko ɗakin kwanan Tokyo?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Jiya mun yi musu da Ɗalibi har dare ya raba, ya ƙi sauka, na ce to bari in kawo maganar gaban manya. Cewa na yi garin da yake zaune a Japan, wato Saitama, ba birni ba ne, ɗakin kwana ne. Mutum ya tashi da sassafe ya hau jirgin ƙasa, cikin minti 30 yana tsakiyar Tokyo. Can zai yi aikinsa, can zai ci abincin rana, sai dare ya dawo ya miƙe ƙafa. Su kansu Japanawa "beddo taun" suke kiran irin waɗannan garuruwa, wato garin gado. Ƙari a kan haka, kafin ranar 1 ga Mayun 2001 babu wani birni mai suna Saitama a doron ƙasa. Garuruwa uku aka ɗinke, Urawa da Omiya da Yono, aka raɗa musu suna. Ni na girme wa birnin nan nesa ba kusa ba.

Ɗalibi: Wa alaikumus salam. Yaya Injiniya, ranar da ka faɗa daidai ce, ban musa ba. Amma ɗakin kwana mai mutum sama da miliyan 1.3? Mai faɗin murabba'in kilomita 217? Nan ne fa fadar gwamnatin lardin Saitama gaba ɗaya.

Injiniya: Yawan masu barci ba ya mai da ɗaki kasuwa, ƙanena. Kawo min ƙidayar rana, ba ta dare ba.

Hajiya Mai Lissafi: Wannan tambayar tana da amsa, don Japan na ƙidaya mutanen dare da na rana daban-daban. Kuma a lardin gaba ɗaya Injiniya na da gaskiya: cikin lardunan Japan 47, Saitama ne ya fi kowanne zubar da mutane da rana. Duk mutum 100 da suka kwana, waɗanda ake samu da rana ba su kai 90 ba. Amma shi birnin kansa yana wajen 93. A lura, wannan bayan an cire masu fita ne an kuma ƙara masu shigowa. Gundumar Omiya ma da rana ta fi cika a kan dare, saboda daga garuruwan arewa ake tururuwa zuwa aiki da sayayya. Ka ga ke nan shi ma yana da nasa ɗakunan kwanan.

Na Mararaba: Ni wallahi tun da aka fara nake dariya, don labarina ake bayarwa. Ina kwana a Nasarawa, ina aiki a Abuja, kullum ina cikin cunkoson Nyanya. In an tambaye ni a ƙauye in ce a Abuja nake. Injiniya, ina bayanka.

Ɗalibi: Su ma suna da sunan tsokana ga irinku, "Saitama tomin", wato ɗan Tokyo mai kwana a Saitama. Har lardin ma ana yi masa ba'a da "Dasaitama", an haɗa sunansa da kalmar da ke nufin ƙauyanci. Wannan duk na yarda akwai.

Malamin Tarihi: Ku yi haƙuri, zan ɗan tsawaita. Injiniya, inda ka yi tuntuɓe shi ne ka ɗauki ranar raɗin suna a matsayin ranar haihuwa. Urawa da Omiya duk zango ne a kan Nakasendo, tsohuwar hanyar da ta haɗa Edo da Kyoto ta cikin duwatsu, tun zamanin da sarakunan yaƙi na gidan Tokugawa ke mulki. Edo ɗin nan ita ce ta koma Tokyo. Matafiya na sauka su kwana, su canja dawaki, kamar yadda fatake ke yada zango. Sunan Omiya kuwa ma'anarsa "babban wurin bauta", saboda Hikawa, wurin bautar addinin Shinto da ke can tun kafin a san za a yi wani abu wai shi jirgin ƙasa. Iwatsuki, wadda ta shigo daga baya a 2005, gari ne mai tsohon gidan sarauta da ganuwa, kuma ta yi suna wajen sana'ar 'yartsana ta gargajiya.

Ga wani abin ban sha'awa. Da aka kafa lardin a 1871, Iwatsuki aka yi niyyar mayarwa hedikwata, shi ya sa lardin ya ɗauki sunan yankin da take ciki, Saitama. Sai aka ajiye ofis a Urawa na wucin gadi, wucin gadin nan ya zama zama daram har yau. Asalin wurin da sunan ya fito, Sakitama, yana can Gyoda a arewacin lardin, ba ya ma cikin birnin.

Injiniya: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ni ka taimaka. Tun zamanin dawaki ma aikinsu ke nan, a sauka a kwana a wuce Edo. Sunan ma na aro ne.

Malamin Tarihi: Kai dai ba ka da dama. To saurari ragowar. Da aka shimfiɗa layin dogo a 1883, Urawa ta samu tasha, Omiya aka tsallake ta. Mutanen garin suka tashi tsaye suna kai kuka, har a 1885 aka buɗe musu tasha a daidai inda layin ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Takasaki, ɗaya ya miƙa arewa. Daga nan aka kawo musu masana'antar gyaran jirage, garin ya zama na ma'aikatan reluwe. Sannan girgizar ƙasar 1923 da ta rushe Tokyo ta koro mutane: masu zane-zane da dama suka tare a Urawa, masu renon bonsai, ƙananan bishiyoyin nan da ake girkawa a kasko, suka kafa unguwarsu a Omiya a 1925. Unguwar tana nan har yanzu. Gari biyu ne masu hali daban, ɗaya na ofis da makaranta, ɗaya na tasha da kasuwa.

Hajiya Mai Lissafi: Ku bar ni in koma kan kuɗi, don a nan nake ganin Na Mararaba ya yi saurin bin Injiniya. A Japan akwai harajin mazauni, kusan kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ya samu bayan an cire rangwame. Ba inda kake aiki ake kai shi ba, inda ranar 1 ga Janairu ta same ka da rajistar zama nan yake zuwa. Ma'aikacin da ya yini a Shinjuku cikin Tokyo, in gidansa na Urawa ne, kuɗin nan Saitama za su dawo. Kuma tun 2018, a manyan birane irin wannan, kashi 8 na birnin ne, kashi 2 kawai na lardi, saboda an miƙa musu biyan albashin malaman makarantun gwamnati. To wanda kake wa kallon ya zo barci kawai, shi ke biyan malamin firamare da motar kwashe shara. Kwanan nasa ma jari ne.

Na Mararaba: Hajiya, kin ɗaure ni. Ni dai ban taɓa bin sawun abin da ake yanka min a albashi ba, amma titin unguwarmu ya san amsar.

Baba Alhaji: Yara, a bar Mararaba ta huta, ba ita aka zo yi wa shari'a ba. Ɗalibi, yi mana bayanin mulkin garin dalla-dalla. Wa ke da wuƙa da nama?

Ɗalibi: To Baba, Allah ya ƙara girma. A watan Afrilun 2003 gwamnatin tsakiya ta saka Saitama cikin rukunin manyan biranen da ake ba iko na musamman. Shi ne na 13 da ya shiga, yanzu su 20 ne a ƙasar. Birnin da ke wannan rukuni yana karɓe ayyuka da yawa daga hannun lardi: tsara gari, kula da yawancin manyan tituna, cibiyoyin kare yara, ɗaukar malamai. Akwai magajin gari da jama'a ke zaɓa kai tsaye duk shekara huɗu, da majalisa mai kujeru 60. An raba birnin gunduma 10, kowace da ofishinta, inda ake rajistar zama da haihuwa da inshorar lafiya. Ni a ofishin gundumar Sakura na yi tawa. Sai dai shugaban gunduma ba zaɓarsa ake yi ba, ma'aikaci ne da magajin gari ke naɗawa. A nan suka bambanta da gundumomi 23 na Tokyo, waɗanda kowace ke zaɓen shugabanta da majalisarta.

Injiniya: Madalla. Wato mutumin Yono da a da yake zaɓen magajin garinsa, yau an mai da garinsa gundumar Chuo, an ɗora masa ma'aikacin da bai zaɓa ba. Wannan ci gaba ne ko ci gaban mai haƙan rijiya?

Hajiya Mai Lissafi: A nan kam ba zan kare su ido rufe ba. Ba Saitama kaɗai ba ce, guguwar haɗe garuruwa ce ta ratsa ƙasar: a 1999 Japan na da ƙananan hukumomi sama da 3,200, zuwa 2010 sun koma 1,700 da 'yan kai. An samu sauƙin kashe kuɗi, amma ƙananan garuruwa da yawa sun yi kukan muryarsu ta ɓace. Ageo ma, maƙwabciyar Omiya, an yi mata tayin shiga, mutanenta suka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 2001 suka ce a kai kasuwa. Har yau ita ke riƙe da kanta.

Malamin Tarihi: Ai auren nan zaman kishiyoyi ne tun daga ranar ɗaurinsa. A zaɓen farko na 2001 tsohon magajin garin Urawa, Soichi Aikawa, da tsohon na Omiya ne suka kara, na Urawa ya yi nasara, ya riƙe har 2009 lokacin da Hayato Shimizu ya kayar da shi. Ofishin birni ya zauna a ɗakin uwargida, Urawa. Ita kuwa Omiya tana taƙama da cewa jirgin nan mai gudun walƙiya, Shinkansen, a tasharta yake tsayawa, Urawa sai dai ta ga wucewarsa. Ko lambar mota, mutumin Urawa "Omiya" ce rubuce a bayan motarsa. Ita kuma Urawa ta rama da tasha takwas masu ɗauke da sunanta. Yono ce ƙaramar da ke tsakani tana ba da haƙuri.

Sarkin Ƙwallo: Sai yanzu aka zo fagena. Urawa Reds ja, Omiya Ardija ruwan lemo, gari ɗaya amma ba a ga maciji. Reds sun ɗauki kofin zakarun Asiya sau uku, na 2007 da 2017 da 2022. Filinsu na ɗaukar mutum 63,700, kuma a can Eto'o ya ci wa Kamaru Saudiyya a gasar duniya ta 2002, a can Ronaldo na Brazil ya fitar da Turkiyya a wasan kusa da na ƙarshe. 'Yan ƙwallon kwandonmu maza da mata ma a Saitama Super Arena suka buga wasannin Olamfik a 2021. Injiniya, wane ɗakin kwana ne ke da wannan?

Injiniya: Olamfik ɗin wa? Ta Tokyo. Falo ya cika aka shimfiɗa wa baƙi tabarma a ɗakin kwana.

Ɗalibi: Yaya, bari in ba ka wani abu da ke nuna garin na iya cewa a'a. Lokacin da za a ja layin Shinkansen daga Omiya zuwa cikin Tokyo, mutanen Urawa da Yono da Toda suka ƙi saboda ƙara. Dole a 1982 jirgin ya fara aiki daga Omiya, sai 1985 ya isa tashar Ueno a Tokyo, kuma sai da aka gina musu layin Saikyo a gefensa aka kuma rage masa gudu a yankin. Na biyu, Minuma. Fadamar shinkafa ce da gonaki sama da hekta 1,200 a tsakiyar birni. A da tafki ne, aka busar da shi wajen 1728 zamanin Yoshimune, sarkin yaƙi na gidan Tokugawa, aka jawo ruwan ban ruwa daga kogin Tone. Da guguwar 1958 ta zo da ambaliya, fadamar ce ta shanye ruwan ta rage wa mutanen ƙasan kogi ɓarna, shi ya sa lardi ya taƙaita gine-gine a cikinta. Da gidajen kwana kawai ake so, da tuni an yanka ta fuloti. Ranar Asabar nakan je can da keke, sai ka manta Tokyo na kilomita 30 daga nan.

Injiniya: Ta Minuma na karɓa, ta burge ni. Ta layin Saikyo kuwa ka sake ba ni makami: diyyar da suka nema ita ce a ba su hanyar zuwa Ikebukuro, cikin Tokyo, da sauri.

Baba Alhaji: To rigimar kishiyoyin fa, an sasanta?

Ɗalibi: Ana kai, Baba. Akwai sabuwar cibiya, Saitama Shintoshin, da aka buɗe a 2000 a tsohon filin jera taragu, daidai inda iyakokin garuruwan uku suka haɗu. Ofisoshin gwamnatin tsakiya masu kula da yankin Kanto, wato Tokyo da kewayenta, da dama sun baro Tokyo sun dawo can, ka ga akwai masu tahowa aiki daga Tokyo zuwa Saitama. A Afrilun 2022 majalisa ta amince a mayar da ofishin birni wajen, ana sa ran zuwa 2031. Sai dai filin da aka zaɓa a gundumar Omiya ya faɗo, wasu mutanen Urawa kuma ba su ji daɗi ba. Dattijon da nake haya a gidansa, in ka tambaye shi daga ina yake, har yau Urawa yake cewa. Jikokinsa ne ke cewa Saitama.

Hajiya Mai Lissafi: Jikokin nan su za su biya harajin 2040, Injiniya. Da su za ka yi musun.

Injiniya: In Allah ya kai mu. Ɗalibi, ka yi shiru, ko ka sallama ne?

Ɗalibi: Ban sallama ba Yaya, nan sha biyun dare ta wuce, mun riga ku da awa takwas. Zan kwanta, ina da jirgin ƙarfe bakwai.

Injiniya: Zuwa ina?

Ɗalibi: Taron ƙara wa juna sani ne kawai. A Tokyo.

Na Mararaba: Allah ya tashe mu lafiya, abokin tafiya.