Waɗanda suka taɓa neman kansila a Zariya ku zo ku ba mu labari

Ɗan Gyallesu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Matasan layinmu sun matsa min wai in fito kansila zaɓe mai zuwa, kuma duk saboda kwatar nan da ta hana mu sakat, duk damina sai ruwa ya shigo zaure har tsakar gida, bara da daddare ni da ƙannena muka yi ta kwasa da bokiti, katifar Inna kwana uku ta yi kan katanga kafin ta bushe. Abin ya dame ni wallahi. Don Allah wanda ya taɓa tsayawa ko ya yi wa wani kamfe ya faɗa min gaskiya, kujerar nan tana gyara unguwa kuwa?

Tsohon ɗan takara daga Kwarbai:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na nema a 2018, shekarar da hukumar zaɓe ta jihar Kaduna, KADSIECOM, ta fara kawo na'urar zaɓe a watan Mayu, amma ban ma kai ga na'urar ba, tun a firamare na faɗi. Na buga fosta, na yi ta yawo majalisa majalisa ina cewa zan kawo kwalta zan kawo ruwa, ashe daliget ne ke da ƙuri'ar farko, ni kuwa ko rabinsu ban zauna da su ba. Abin da ban manta ba shi ne wani dattijo da ya tare ni bayan la'asar a ƙofar masallaci, ya kama hannuna ya kai ni wani lungu da ko amalanke ba ta wucewa sai an karkata, ya ce yaro ta ina motar kwaltarka za ta shigo nan? Na rasa ta cewa. Cikin ganuwa gidajen gado ne manne da juna, ba ka isa ka ce a rushe katangar kowa ba, abin da suke so ƴar kwata mai murfi ce da za ta fitar da ruwan wanka daga lungu. Ka fara sanin lungunanka tukun.

Maman Yara, Tudun Wada:
Ni yayana na yi wa kamfe a 2021, ni ce mai shiga cikin gidaje tunda maza iyakarsu zaure. To Malam ka saurari mata don Allah, mu ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa kullum, mu ke tura yara da shara su zuba a kwata saboda bola ta yi nisa ko ta cika ba a kwashe ba, sai leda ta toshe hanyar ruwa, sauro ya taru, mu ne kuma a asibiti da yaro a goye yana zazzaɓi. Wata tsohuwa ta ce min ita ba ta son atamfa ko sabulu, a ɗauke mata bolar da ke jikin tagarta kawai. Yayana bai ci ba amma bolar mun kwashe ta da tifa biyu, kuɗin karo-karo.

Wanda ya taɓa riƙe kujerar:
Bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki. Ƙaramar hukumar Zariya mazaɓa 13 ce, kai ɗaya ne cikin 13, kuma kansila ba shi ke ba da kwangila ba, aikinka majalisa, ku duba kasafin kuɗi ku amince ku sa ido, ciyaman ke aiwatarwa. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi da kasuwanni da tasha da kwashe shara da maƙabarta, har sa wa layi suna da ba gidaje lamba, to nan ne za ka iya yin magana da ƙarfi. Amma izinin gini na hukumar tsara birane ne, KASUPDA, takardun fili na hukumar filaye, KADGIS, duk na jiha, kar ka yi wa kowa alƙawari a kansu. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ka bibiyi wannan maganar sosai domin ita ce za ta nuna ko za a samu abin aiki.

Abin da ya fi ba ni wahala ba kuɗi ba ne, wani bawan Allah ne da ya ɗora shago kan hanyar ruwa, gida kusan goma na bayansa ruwa na ci. Kuma ya zaɓe ni, tare muke sallah. Wata biyu ina zarya, sai da na haɗa da mai unguwa da liman muka zauna a zaurensa har sau uku, a ƙarshe ya yarda aka fasa gefe ɗaya aka sa kalbat, matasa suka yi aikin gayya ran Asabar, siminti buhu goma sha biyu daga aljihuna. Har yau ba ya sakin fuska sosai in mun haɗu, amma gidajen sun huta. Sai kuma ƙofar gidanka, tun asuba za ka tarar da mutane, mai takardar asibiti, mai suna, mai kuɗin makaranta, albashin ba ya kaiwa ko'ina, ka shirya wa wannan.

Birkila daga Dambo:
Ni ban tsaya ba amma gini nake yi a sabbin unguwanni. Ana yanka gona fuloti fuloti ba a barin layi mai faɗi, ba filin makaranta ba hanyar ruwa, kowa ya ja katanga har bakin iyaka. Duk wanda ya hau don Allah ya tsaya kan wannan tun bulo bai hau ba.

Ɗan Gyallesu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya na Kwarbai maganarka ta shige ni, jibi in sha Allahu zan bi kwatar da ƙafa tun daga layinmu har inda take zubewa in ga inda ta toshe, sannan in je wajen mai unguwa. Hajiya ko za ki taimaka ki gaya min yadda kuka tsara karo-karon tifar nan, nawa kowane gida ya bayar?