Yadda ake naɗar wasa da sake kallonsa a Counter-Strike 1.6 ta akwatin umarni

Bakatsine:

Assalamu alaikum. Ina buga Counter-Strike 1.6 a wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma ina so in riƙa naɗar wasannin da muke yi da abokai domin in sake kallonsu daga baya. Matsalar ita ce duk lokacin da na kunna manhajar ɗaukar allo sai wasan ya fara sarƙewa har ya ƙi buguwa. An ce mini wasan yana da tasa hanyar naɗa ta akwatin umarni, wadda ba ta ɗora wa kwamfuta nauyi. Ina roƙon wanda ya sani ya bayyana mini abin da ake rubutawa, da inda fayil ɗin yake zuwa, da kuma ko zan iya tura shi ta WhatsApp abokaina su kalla a waya.

Mai Gyaran Kwamfuta:

Wa alaikumus salam, Malam Bakatsine. Bayan ka shiga cikin wasa, domin umarnin ba ya aiki kafin taswira ta buɗe, sai ka danna maɓallin ~ da ke ƙarƙashin Esc, ka rubuta `record wasa1` ka danna Enter. Idan ka gama sai ka sake buɗe akwatin ka rubuta `stop`. Fayil ɗin zai fito da sunan wasa1.dem a cikin foldar cstrike, wadda ga mai amfani da Steam, manhajar da ake sauke wasan da ita, take cikin steamapps, sannan common, sannan Half-Life. Ka riƙa canza suna kowane lokaci, domin idan ka maimaita suna ɗaya sabon zai hau kan tsohon.

Wajen kallo akwai umarni biyu, amma ba darajarsu ɗaya ba. Idan ka rubuta `playdemo wasa1` zai nuna maka wasan daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ka iya taɓa komai ba. Shi kuwa `viewdemo wasa1` yana zuwa da ƙaramin akwati wanda za ka gani idan ka danna Esc, inda za ka iya tsayarwa, ka rage gudu ko ka ƙara, ko ka tsallaka zuwa zagayen da kake nema. Ni dai ban ga dalilin amfani da na farkon ba ga mai son nazarin wasansa.

Batun WhatsApp kuwa ba zai yiwu yadda kake nufi ba, saboda abin da ka naɗa ba bidiyo ba ne. Wasan ba ya ɗaukar hoton allo ko ɗaya. Yana adana bayanan da sabar, kwamfutar da ke haɗa ƴan wasa, ta riƙa aiko maka ne, wato inda kowa yake tsaye da wanda ya yi harbi da abin da ya faru, tare da inda ka karkata fuskarka, sannan idan ka zo kallo sai ya sake zana komai daga waɗannan bayanai. Wannan ne ya sa naɗar ba ta da nauyi kuma fayil ɗin yake ƙarami, kuma shi ne ya sa babu wanda zai iya buɗe shi sai mai wasan a kwamfutarsa, da irin taswirar da aka buga a kanta. Tsarin ya daɗe ƙwarai, domin `record` da `stop` da `playdemo` suna nan tun a wasan Quake na 1996, wanda a kan injinsa kamfanin Valve ya gina Half-Life, wasan da Counter-Strike ya samo asali daga gare shi.

Ɗan Sabon Gari:

Ina so in ƙara gargaɗi a kan bayanin Malam. Samun wasan kaɗai bai wadatar ba, sai nau'insa ya dace. A 2008 an sauya tsarin sadarwar wasan daga 47 zuwa 48, saboda haka fayil ɗin da aka naɗa da ɗaya yana iya ƙin buɗewa a ɗayan. Haka nan idan kun buga a taswirar da aka sauko da ita daga wata saba, dole ka haɗa fayil ɗinta na .bsp ka tura, abokinka ya saka a foldar maps.

Sannan abin da `record` yake ba ka idonka ne kawai. Idan kana so ka ga wasan ta idon kowane ɗan wasa, sai an haɗa HLTV, wato manhajar kallo ta wasan, da sabar ya zauna a matsayin ɗan kallo ya naɗa, kuma a can umarnin tsayarwa shi ne `stoprecording`. Amma idan ana zargin wani da maguɗi, naɗar da shi kansa ya yi ta fi zama hujja, domin HLTV ba ya kama motsin linzamin mutum dalla-dalla, har ma yakan nuna kamar harsashi ya sami wanda ba a saita ba.

Bakatsine:

Na gode muku ƙwarai. Na gwada `viewdemo` kuma ya yi aiki. To ke nan babu hanyar mayar da shi bidiyo ga mai kwamfuta irin tawa?

Mai Gyaran Kwamfuta:

Akwai, sai dai tana cin wuri. Yayin da naɗar take tafiya, ka rubuta `startmovie yanki 30` a farkon wurin da kake so, sannan `endmovie` a ƙarshensa. Wasan zai riƙa fitar da hotuna 30 na BMP a madadin kowace daƙiƙa, kuma ko da ka ga allon yana jan ƙafa kada ka damu, domin yana jira ne ya rubuta kowane hoto kafin ya wuce, shi ya sa bidiyon yake fitowa sumul ko a kwamfuta mai rauni. Ka yi lissafi kafin ka fara: a girman 800 da 600 kowane hoto ya kai kusan megabait 1.4, wato minti ɗaya zai ci fiye da gigabait 2.5. Saboda haka ka ɗauki gajeren yanki kawai, ka haɗa hotunan da manhaja irin VirtualDub, ka matse, sannan ka goge su. Wannan hanya ba ta ɗaukar sauti, sai dai ka naɗe shi daban ka ɗora.

Hajara ta Zariya:

Ga wanda ya koma Counter-Strike 2, wanda ya fito a Satumbar 2023, `record` da `stop` da `playdemo` suna nan yadda suke, amma sai an fara kunna akwatin umarnin a cikin saiti. Akwatin sarrafa kallo yana fitowa da `demoui` ko Shift da F2, kuma `demo_timescale 0.5` yana rage gudu zuwa rabi. Ana auna lokaci a can da bugu 64 a daƙiƙa, don haka `demo_gototick 3840` zai kai ka wajen ƙarshen minti na farko. Fayilolin suna cikin foldar game, sannan csgo, kuma naɗar 1.6 ko ta Global Offensive, nau'in da ya gabace shi, ba ta buɗewa a cikinsa saboda injin ya canza zuwa Source 2.