Ɗana yana hadda a makarantar allo, amma karatun lakwal ya gagare shi

Wata uwa, Garin Malam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah shawara nake nema a kan ɗana na biyu. Shekararsa tara, yana CE1, wato aji na uku a lakwal, kuma bana karo na biyu ke nan da yake zaman ajin. Yayarsa tana CM2, aji na shida, ita ce za ta rubuta CFEPD, jarrabawar gama firamare, tunda ta shiga lakwal ba ta taɓa ba mu wahala ba. Shi kuwa in aka buɗe masa littafi sai ya ƙura wa takarda ido, ya kira b da d, ya tsallake layi. Kayensa duk jan bik ne. Abin da ya ɗaure mini kai, a makarantar allo ya fi sa'o'insa hadda, kuma in na aike shi Kasuwar Dole ko dala ba a cinsa a canji. Babansa ya ce wasa ne ya yi masa yawa, har ya fara sa masa bulala. Yanzu kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Yaya zan yi?

Wata ma'aikaciyar lafiya:
Wa alaikumus salam ƴar uwa. Kafin komai a duba idonsa da kunnensa. Ki tsayar da shi nesa da kalanda, ki rufe masa ido ɗaya ki ga ko yana bambance lambobi, sannan ki sauya ido. Ki kira shi a hankali ta bayansa. Ya taɓa yin sanƙarau ko kunne mai fitar da ruwa? Dukansu suna rage ji, yaro ya zauna a aji rabin maganar mushe, wato malamin ajin, ba ta isa gare shi. In kin ga alama, ku je babban asibitin Damagaram wajen likitan ido ko na kunne. Ciwon cikin safen nan kuma sau da yawa tsoro ne, amma a duba shi.

Wani malamin lakwal, Birni:
Hajiya, irin yaran nan ina da su a aji kowace shekara, kuma ɗanki ba daƙiƙi ba ne. Hadda da kunne ake ɗaukarta, karatu kuwa sai ido ya haɗa harafi da sautinsa. Ki tambayi malaminsa na allo, yaron yana karanta rubutun da kansa ne, ko abin da aka biya masa yake maimaitawa? In can ma harafi na ba shi wuya, to matsalar karatu ce ta musamman, kuma ana samunta har ga yara masu kaifin basira. Rikita b da d ba komai ba ne a CI da CP, wato aji na ɗaya da na biyu, amma ga ɗan shekara tara ya kamata a tsaya a kai.

Ki tuna kuma Faransanci yake karantawa, harshen da ba ya ji a gida, wanda o da au da eau duk sauti ɗaya suke bayarwa. Ki koma da shi Hausar boko, inda abin da aka rubuta shi ake faɗa: ba, bi, bu, baba, buta, dabino. Minti goma sha biyar bayan la'asar sun isa. Ya rubuta harafin da yatsa a rairayi yana faɗarsa da ƙarfi, ki sa masa takarda ƙarƙashin layi don kada ya tsallake. Harafi biyu a mako ba kaɗan ba ne. Sannan ki je lakwal da ƙafarki, ki roƙi mushensa ya dawo da shi bencin gaba, ya daina tayar da shi karatu gaban aji sai ya shirya. Ajinmu a cike yake, gaskiya yaron da uwarsa ta zo muka yi magana mun fi sa masa ido.

Wani magidanci, Sabon Gari:
Ni dai a ganina ba kowa ne ɗan boko ba. Tunda yana da kan lissafi, a kai shi shago ya koyi kasuwa, ya ci gaba da Alƙur'aninsa.

Malamin lakwal:
Alhaji, kasuwar yau ma sai da karanta saƙon waya da takardar kaya. Ya je shago lokacin hutu, ba laifi, amma kada a cire shi yana ɗan shekara tara.

Wata Hajiya, Zango:
Ɗiyata, maganar maigidanki zan yi. Kada ki tare shi gaban yara. Ki bari ya ci ya huta, ki roƙe shi ya ba ki wata uku babu bulala, in da hali ku je wajen mushen tare ya ji da kunnensa. Sannan a daina cewa "dubi yayarka". Na ga gidan da wannan kalma ta sa ƙani ya tsani yayarsa har suka girma. Ita ma kada a ba ta aikin koya masa, sai dai ta riƙa karanta masa labari yana saurare. In ya kawo canji daidai, ki yabe shi gaban babansa.

Uwar yaron:
Allah ya saka muku da alheri. Kunnensa na hagu ya taɓa yin ruwa yana ƙarami, don haka asibiti za mu fara zuwa. Malam, in an gama da b da d, wane harafi zan kama masa?

Malamin lakwal:
Kada ki haɗa su mako ɗaya, Hajiya. Ki fara da b tare da m, sai b ta zauna sosai ki kawo d.