Wasiƙar abokin ɗaki ta Stanford, ku da kuka rubuta ya kuka yi?

ɗan_Fagge: Salam jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa cika fom ɗin neman shiga jami'ar Stanford ta Amurka ku zo ku taimaka. Na gama babban insha'in Common App (fom ɗin bai-ɗaya na neman shiga jami'o'in Amurka da yawa) na kalma 650, amma wannan ƙaramin da suka ce ka rubuta wa wanda za ku zauna ɗaki ɗaya da shi wasiƙa, kalma 100 zuwa 250, shi ya tsaya min a wuya, ga 1 ga Nuwamba, ranar rufe zagayen farko, ta matso. Me mutum zai ce wa wanda bai taɓa gani ba?

yar_Tudun_Wada: Wslm ƙanina. Ni na rubuta, abin da na fara da shi kuwa alam ɗin asuba ne wlh, na ce mata wayata za ta yi ƙara tun duhu bai yaye ba amma na yi alkawari zan kashe a bugun farko, kuma in tana da jarabawar safe ni ce mai tashinta kyauta, daga nan na shiga zancen yajin da Hajiyarmu take daka min wanda ba na cin komai sai da shi har indomi, da yadda nake karatu da ƙarfi ina zagaye ɗaki saboda haka muka saba hadda a islamiyya. Ban sa ko kyauta ɗaya da na ci ba, ai duk suna wani wurin a fom ɗin.

Malamin_Inglishi: Ina duba wa ɗalibaina irin wannan, kuma matsalarsu guda ce, girmamawa ta yi yawa. Yaro zai rubuta wa sa'ansa kamar yana rubuta wa hedimasta takardar neman izini. Gaskiya ne ma'aikatan admishan ne za su karanta, ba abokin ɗakin ba, amma muryarka ta hira suke son ji. Ina sa su karanta wa abokinsu a fili, duk jimlar da bakinsu ya yi nauyi a kanta mu cire.

ɗan_Fagge: Aunty ba ki ji tsoron saka maganar sallah ba? wani ya ce min in kauce wa addini

yar_Tudun_Wada: Sam. Wa'azi ne ba a so, wannan kuwa rayuwata ce, wadda za mu kwana ɗaki ɗaya dole ta gani. Kuma a can ba kai kake zaɓar abokin ɗaki a shekarar farko ba, sai ranar shiga hostel za ka san shi.

Bazazzagi: Ni ban samu shiga ba, dama waɗanda suke ɗauka ba su kai biyar cikin ɗari ba, amma wasiƙar har gobe ina sonta. Bodin na yi, sai na rubuta yadda na zama mai gyaran tocila da rediyon kowa a ɗakinmu, na ce masa zai riƙa ganin ƙananan sukurori a kan teburina kar ya share. Abu ɗaya dai, kar ka mayar da ita tallan al'ada, hawan sallah da rinin Ƙofar Mata da sauransu, in ba da gaske suna cikin rayuwarka ba. Kai suke tambaya, ba Kano ba. Sannan kar ka yi masa alkawarin kilishi, kwastan na Amurka ba sa barin nama daga Najeriya ya shiga.

ɗan_Fagge: Na gode sosai. Ni ɗinki nake a shagon yayana tun ina JS2, kuma ba na iya ganin maɓalli ya cire in ƙyale, bari in fara daga nan in turo muku ku duba min daren nan.