Neman shawara: malam ya soke rabe-raben da na yi a gwajin mayar da zafi lantarki

Hauwa: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka, kaina ya ɗaure. Tun farkon zango muke kan gwajin nan, abokin aikina ya sakar min komai, ga ma'aunin zafinmu ya lalace sai aro muka yi. Mun matse na'urar Peltier (ɗan faifan da ke iya mayar da bambancin zafi lantarki) tsakanin farantin alminiyom mai zafi da wani da ruwan sanyi ke ratsawa, lantarki ya fito, abin da masanin kimiyya Seebeck ya gano tun 1821. A rahoto na rubuta cewa rufaffen tsari ne (wanda makamashi kaɗai ke shiga ko fita, ban da abu), canjin kuma isotamal (wanda matakin zafi ba ya canzawa a cikinsa). Malam ya bi duka biyun da jan biro, bai ce uffan ba. Jibi zan mayar.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Gaskiyar malaminki ce, ƙanwata. Ruwa na shiga yana fita, buɗaɗɗen tsari ke nan, magana ta ƙare. Isotamal kuwa, da zafin gefen biyu ɗaya ne, ko milibolt guda ba za ki gani ba.

Maryam: Injiniya, ai ya danganta da inda ta shata iyakar tsarin. In na'urar kaɗai ta zagaye, zafi ne ke shiga yana fita, lantarki na bin waya, ruwan yana waje. Rufaffe ne. Hauwa, ina kika shata taki?

Usman: Mu namu malamin haka ya zabge min maki don na ce adiyabatik (wato zafi ba ya shiga ba ya fita), alhali na naɗe komai da auduga. Har yau abin na ci min rai.

Hauwa: Amma fa zafin bai motsa ba! Gefe ɗaya na kan digiri 100, ɗayan na kan 20, har muka gama ɗaukar awo. In wannan ba isotamal ba ne, mene ne?

Injiniya Bashir: Tsayayyen yanayi ne. Kowane gefe ya tsaya a nasa, amma zafi na ta kwarara tsakani. Mayar da su ma'aunin kelbin, 373 da 293, iyakar Carnot (mafi yawan kason zafin da za a iya mayarwa lantarki) ta ba ki kusan kashi 21 cikin ɗari, na'urarki kuwa ko kusa ba za ta kai ba. Rubuta buɗaɗɗe kawai.

Maryam: Kada ki rubuta sai kin zana iyakar tukuna.

Hauwa: Ni dai a littafinmu an ce in zafi bai canza ba, isotamal ne. Ko akwai wanda ya taɓa yin gwajin da hannunsa?