Haƙorin yaro ya bugu: ya mutu ko yana da rai?

Likitocin haƙori da suka tattauna wannan tambaya sun fi nanata abu guda: kada a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Ana ɗora auduga mai sanyi ƙalau a kan haƙorin, a tambayi yaro ko ya ji. Amma jijiya takan suma bayan bugu, ta yi shiru har wata 3, alhali jini yana gudana. Sabon haƙori bayan famfara, wanda saiwarsa ba ta ƙosa ba, ya fi ruɗarwa. Ga tsoro, yaro yakan ce "na ji" don a ƙyale shi.

Sun ce a gwada haƙorin kusa, a ɗauki hoto, a dinga komawa asibiti. Ni dai roƙona ga iyaye: in haƙorin ya yi duhu, ko ƙurji ya fito a dasashi, kada a jira.